Harshe, Jinya da Itace: Nazarin Hulɗar Addinin Kirista da Al'ummar Daura da Kewayenta ta Fuskar Talauci, Adalci da Zaman Lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyin da addinin Kirista ya bi wajen hulɗa da al'adun Hausawa a masarautar Daura da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, wato Katsina da Maraɗi da Damagaram. An ɗora nazarin a kan fannoni uku: fassarar Littafi Mai Tsarki, jinyar kutare, da farfaɗo da itatuwan gona. An auna kowane fanni da muhawarar da Kiristocin duniya suka yi a ƙarni na 20 game da bambancin taimakon matalauci da yi masa adalci. Nazarin ya gano cewa aikin da ya ɗore shi ne wanda ya koma mallakar Hausawa kansu, kuma taimakon da bai taɓa batun haƙƙi ba yakan bar zargi a bayansa. Maƙalar ta jawo hankalin manazarta Hausa ga wani rumbun adabi da tarihi da ba a cika waiwayarsa ba.

Fitilun Kalmomi: Daura, Kiristanci, fassara, kuturta, sassabin zamani, adalci

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci Daura a fagen nazarin Hausa, abin da yakan faɗo a rai shi ne Bayajidda da rijiyar Kusugu da Hausa Bakwai. Ba kasafai ake kawo addinin Kirista cikin zancen ba, domin mafi rinjayen mutanen masarautar Musulmi ne. Sai dai ƙarancin mabiya bai hana wannan addini barin sawu a harshen da ake rubutawa, da asibitin da aka kai marasa lafiya, da gonar da ake nomawa ba. Manufar maƙalar ita ce bin wannan sawu, tare da neman amsar tambaya guda: me ya sa wasu ayyukan 'yan mishan suka narke cikin rayuwar Hausawa, wasu kuwa suka ci gaba da zama abin ɗari-ɗari?

An dogara ne ga ayyukan masana da aka wallafa, musamman Smith (1978) a kan tarihin sarautar Daura, da Cooper (2006) a kan Kiristocin Maraɗi, da Shankar (2014) a kan asalin Kiristanci a masarautun Arewa, sannan da nazarin wasu kalmomi na Littafi Mai Tsarki na Hausa.

2.0 Shimfiɗar Tarihi

Bayan jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi mulkin Daura a wajajen 1805, gidan sarautar Haɓe kuma ya koma Zango da Ɓaure. Da Turawan Ingila suka zo, sai suka maido da wannan gida ta hannun Malam Musa a farkon ƙarni na 20. Daura ta kasance ƙarƙashin Lardin Kano har 1934, lokacin da aka haɗa ta da masarautar Katsina aka kafa Lardin Katsina. Wannan sauyi yana da muhimmanci, domin daga nan cibiyoyin lardi, har da na jinya, suka zama na mutanen Daura su ma.

A ɗaya ɓangaren, ayarin ƙungiyar CMS a ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano a 1900, Sarki Alu kuma ya sallame su ba tare da ba su masauki na dindindin ba. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin jama'a ba. Jami'an mulkin mallaka sun fassara wannan alkawari da taƙaita wa'azin 'yan mishan a masarautun Musulmi. Saboda haka ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, da takwarorinta suka rasa ƙofar wa'azi kai tsaye, suka nemi wasu ƙofofin.

Tatsuniyar kafuwar Daura tana ɗauke da ma'aunin da al'umma ke auna baƙo da shi. Bayajidda ya sami karɓuwa ne saboda ya buɗe wa jama'a ruwan da a da ba sa samu sai sau ɗaya a mako, sannan ya zama ɗan gida ta hanyar aure. Wato sharuɗɗan biyu ne: baƙo ya kawo amfanin da kowa zai ci, kuma abin da ya kawo ya zama na gari. Da waɗannan sharuɗɗa za a duba fannonin uku.

3.0 Muhawarar Duniya a kan Taimako da Adalci

'Yan mishan na farko, musamman na ɓangaren masu bishara irin SIM, sun ɗauki magani da makaranta a matsayin share fage ga wa'azi. A rabi na biyu na ƙarni na 20 wannan fahimta ta fuskanci suka daga cikin gida. A ɗarikar Katolika, taron Batikan na biyu ya fitar da sanarwa a 1965 wadda ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa, ta kuma yi kira ga ɓangarorin biyu su haɗa kai wajen kare adalci da zaman lafiya. Taron limaman Latin Amurka a Medellin a 1968 da littafin Gustavo Gutierrez na 1971 sun ƙara da cewa talauci yana da masu haddasa shi, don haka bai isa a ba mai yunwa abinci ba tare da tambayar abin da ya hana shi ci ba.

A ɓangaren masu bishara, taron Lausanne na 1974 ya amince cewa kula da adalci a cikin al'umma wajibi ne a kan Kirista, bayan matsin lamba daga masana irin su Rene Padilla da Samuel Escobar. A Nijeriya, Byang Kato na cocin ECWA ya yi kashedi a kan kada wannan ya kai ga sakin ainihin aƙida. A 1989 Lamin Sanneh, ɗan asalin Gambiya, ya kawo wata hujja: duk lokacin da aka fassara saƙo zuwa harshen wata al'umma, ikon fassara ma'anarsa yana suɓucewa daga hannun wanda ya kawo shi zuwa hannun masu harshen. Wannan ra'ayi ne ya fi haska abin da ya faru a ƙasar Hausa.

4.0 Ƙofa ta Farko: Harshe

Aikin fassara ya riga mulkin mallaka. J. F. Schön ya yi aiki da Dorugu, matashin Bahaushe da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, daga bakinsa kuma aka sami yawancin abin da ke cikin Magana Hausa na 1885. Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, ya jagoranci aikin da ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. G. P. Bargery, mai ƙamus na 1934, shi ma da aikin mishan ya fara shigowa. Babu manazarcin Hausa da zai ce bai ci moriyar wannan layi ba.

Abin lura shi ne kalmomin da masu fassara suka tarar a gabansu. Hausa ta riga ta sha Larabci tsawon ƙarnoni, don haka ba su da zaɓin da ya wuce amfani da Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara da sadaka. A ƙasar Maleshiya batun ko Kirista zai iya kiran Mahalicci da sunan Allah ya kai gaban kotu. A ƙasar Hausa kuwa Musulmi da Kirista da suna ɗaya suke kiransa. Inda aka ja layi shi ne sunan Almasihu, domin masu fassara sun zaɓi Yesu maimakon Isa, zaɓin da Cooper ta nuna cewa ya zama alamar rarrabewa tsakanin al'ummomin biyu.

Kalmomi uku sun shafi batun wannan maƙala kai tsaye.

i. Adalci. Kalmar Girkanci da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita tana haɗa nagartar mutum a gaban Allah da gaskiyar hukunci tsakanin mutane. Ingilishi yakan raba ma'anonin zuwa kalmomi biyu, fassararsa kuma ta fi karkata ga ta farko. Hausa ta mayar da su cikin kalma ɗaya. Bahaushen da ya ji adalci a Matiyu sura ta 5 zai tuna da alƙali da mudun awo da rabon gado. Zai kuma ji amon abin da aka sani daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa zalunci ya fi kafirci saurin rushe mulki. A nan harshen ya ba wa saƙon nauyin zamantakewa tun kafin taron Lausanne ya amince da shi.

ii. Salama da zaman lafiya. Salama ita ce kalmar majami'a, kuma tana nuni ga kwanciyar zuciya da sulhu da Mahalicci. Zaman lafiya kalmar kasuwa ce da fada, wadda karin magana ya ce ta fi zama ɗan sarki. Ta farko tana iya samuwa a zuciyar mutum ɗaya, ta biyu kuwa sai da maƙwabci.

iii. Matalauci da talaka. A wurare irin su Luka sura ta 4, waɗanda aka ce an kawo wa bishara su ne matalauta, wato marasa abin hannu. Talaka a Hausa ya wuce nan, domin shi ne wanda ake mulka, ma'anar da jam'iyyar NEPU ta ɗora siyasarta a kai tun 1950. Wanda ya kalli mutum a matsayin matalauci zai ba shi sadaka, wanda ya kalle shi a matsayin talaka zai tambayi haƙƙinsa. Fannoni biyu da ke tafe sun faɗa ne a ɓangarori biyu na wannan bambanci.

5.0 Ƙofa ta Biyu: Jinyar Kutare

Kuturu yana da gurbi sananne a al'adar Hausa. Akwai sarautar Sarkin Kutare, akwai iskan bori mai wannan suna, akwai kuma karin magana irin su "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano", wanda ke nuna cewa ƙyamar da ake yi masa tana raguwa idan yana da abin hannu. Al'umma ta tanadar masa bara da sadaka, amma ba ta da maganin ciwon.

A shekarun 1930 gwamnati da hukumomin En'e suka miƙa wa SIM gudanar da sansanonin kutare na larduna: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. Wannan ya faru a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Sarkin Daura Abdurrahman. A tsallaken iyaka, ƙungiyar ta buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya kuma ta buɗe cibiyar kutare ta Danja kusa da Maraɗi. Da farko allurar wani man itace ake yi, mai zafi da ƙarancin tasiri, har zuwa ƙarshen shekarun 1940 da ƙwayar dapsone ta sauya al'amarin, ta ba da damar yin jinya daga gida.

Shankar ta nuna cewa waɗannan sansanoni haɗin gwiwa ne tsakanin sarakuna da gwamnati da mishan, kuma a cikinsu ne wasu majinyata suka koyi karatun boko da aikin ba da magani, suka zama ma'aikata, wasunsu suka karɓi addinin Kirista. Ta fuskar sharaɗi na farko, amfanin a bayyane yake: mutanen da aka yanke ƙauna da su sun warke, sun sami sana'a. Ta fuskar sharaɗi na biyu kuwa akwai giɓi. Majinyaci ba shi da wani wurin zuwa, mai maganin kuma shi ne mai wa'azin. Raba jarirai da iyayensu masu ciwo don kare su daga kamuwa ya sa renon yaran ya koma hannun mishan. Ko da niyyar ta alheri ce, tsarin ya haifar da zaton cewa taimako tarko ne, zaton da har yau yake bin ƙungiyoyin agaji da ayarin masu rigakafi. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin asibitoci da makarantun mishan, sai ginin ya zama na jama'a, amma tarihin majinyatan ya kasance a gefen labarin lardi.

6.0 Ƙofa ta Uku: Itacen Gona

Misali na uku ya faro ne daga Maraɗi. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki da SIM, ya ga dashen itatuwa yana ta mutuwa. A 1983 ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwoyinsu suka riga suka yi nisa a ƙasa. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da gatari. Manoman Nijar suka raɗa mata suna sassabin zamani.

A yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, da rabon ya ƙare kuma mutane da yawa suka sare itatuwan. Abin da ya sa ta tsaya da ƙafarta wani abu ne daban. Dokar gandun daji da aka gada daga Faransa ta mayar da itatuwa masu daraja mallakar hukuma, manomi kuma yana iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Wanda ya san haka ba shi da dalilin renon abin da zai jawo masa ma'aikacin gandun daji. Da aka sassauta aiwatar da dokar, manomi ya tabbata cewa itacen nasa ne, sai dabarar ta yaɗu daga gona zuwa gona ba tare da kuɗin kowa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta shafi kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, kuma an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Wajibi ne a ba manoma haƙƙinsu a wannan labari. Yankunan Magarya da Matamai da Mirya, waɗanda biyun farkonsu ke fuskantar masarautar Daura ta arewa, suna cikin inda itatuwa suka fi dawowa, kuma kare gawo tsohuwar al'ada ce a can. Manomi ya daɗe da sanin cewa gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi da rani. A shekarun 2010 wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi ya yaɗa irin wannan dabara a ƙananan hukumomin Daura, Ɓaure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu, ba tare da an danganta ta da wani addini ba. A nan sharuɗɗan biyu sun cika, domin an kalli manomi a matsayin talaka mai haƙƙi a kan gonarsa.

7.0 Zaman Lafiya da Matsayin Bahaushe Kirista

Kiristanci a Jihar Katsina ya daina zama aikin baƙi. An kafa ECWA a 1954 a hannun 'yan ƙasa, kuma tana da tushe a tsakanin Hausawan yankin Malumfashi da Kafur, waɗanda yawancin kakanninsu Maguzawa ne. Ɗarikar Angalika ta kafa dayosis ta Katsina a 1990, ta Katolika kuma a 2023, inda aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop na farko. Tun kafin haka, makarantar Miller ta fitar da Likita R. A. B. Dikko, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta.

Duk da haka zaman bai rasa tangarɗa ba. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya fantsama har Funtuwa da Katsina. Tarzomar bayan zaɓen Afrilu 2011 ta ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa 12, har da Katsina, bisa rahoton Human Rights Watch. A Janairu 2015 an ƙona majami'u a Zinder da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. A duka ukun, wutar daga nesa ta taso, maƙwabci na kusa kuma shi ya ƙone.

Hausawa Kiristoci sukan koka a kan wahalar samun filin gina majami'a, da ƙarancin malaman addininsu a makarantun gwamnati, da shakkar da ake nunawa a kan asalinsu saboda sunan da suke ɗauke da shi. Musulmi a inda suke tsiraru suna da irin waɗannan koke-koke. Wannan ya nuna cewa rashin tarzoma kaɗai bai kai a kira shi zaman lafiya ba, sai an haɗa da adalci. Kowane ɓangare yana da abin dogaro a tarihinsa: Musulmi na da hijirar sahabbai zuwa Habasha ƙarƙashin sarki Kirista, Kiristoci na da umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda wasiƙar malaman Musulunci 138 ta 2007 ta ɗauka a matsayin mahaɗa. Cibiyar sulhu da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a Kaduna a 1995 ta nuna cewa ana iya aiki da wannan mahaɗa. Buƙatar kuma a fili take: ƙididdigar hukuma ta 2022 ta nuna 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin ɗari daga cikinsu a Arewa, 'yan bindiga kuwa ba sa tambayar addinin ƙauyen da suka faɗa wa.

8.0 Sakamakon Nazari

Na ɗaya, harshen Hausa ya yi tasiri a kan saƙon Kirista kamar yadda saƙon ya yi tasiri a kan rubutun Hausa, kuma kalmar adalci babbar shaida ce. Na biyu, jinyar kutare ta kawo waraka ta gaske, amma haɗuwar magani da wa'azi a hannu ɗaya ta bar zargi mai tsawon rai. Na uku, sassabin zamani ya yaɗu ne saboda ya dace da ilimin manomi, kuma an sakar masa ikon itacensa. Na huɗu, ƙalubalen yau ya tashi daga karɓar baƙo ya koma amincewa da ɗan gida mai wani addini.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun addinin Kirista a Daura da kewayenta ta hanyar harshe da jinya da itacen gona, ta kuma nuna cewa muhawarar da aka yi a Batikan da Medellin da Lausanne tana da misalai a ƙasar Hausa waɗanda za a iya auna ta da su. Akwai aiki a gaban sassan nazarin Hausa. Fassarar 1932 da waɗanda suka biyo bayanta suna buƙatar kwatanci ta fuskar kalmomi da karin harshe. Waƙoƙin majami'a da na ƙungiyoyin zumuntar mata adabin baka ne da ya cancanci a taskace shi kamar sauran. Tsofaffin majinyatan Babbar Ruga da zuriyarsu suna riƙe da tarihin baka da ke ƙarewa da mutuwar kowane dattijo, don haka tattara shi ya kamata ya zo a sahun gaba.